Ba a Ɗura Garkuwar Jiki da Cokali

Wani marubuci da na daɗe ina karanta rubutunsa ya fitar da sharhi kwanakin baya a kan yaran da tamowa ke kayarwa a ƙasar Jibiya. Ya ce masana sun gano cewa wasu sinadarai masu yayyanka furotin su ne ke tsara yadda sojojin jikin ɗan Adam ke ginuwa tun yana goye. Daga nan sai Malam ya daka tsalle ya dira a gindin gwanda. Ya ce ai gwanda na ɗauke da irin wannan sinadari, kowace mai girki ta san ganyenta na tausasa nama mai tauri, don haka maganin raunin garkuwar yaranmu yana nan a bayan ɗaki, mu kuwa muna ta neman sa a hannun baƙi. A jiƙa ganyen a ba yaro, a ɗiga farin ruwan ɗanyar gwanda a kunu, mai hali ya sayi kafson da aka haɗa da shi a kemis. Ya yi kira ga matan ƙauyukan Kusa da Gurbi da Bugaje su daina wuni a layin abincin tamowa, wanda ya laƙaba wa suna kayan bara.

Rabin farko na maganarsa gaskiya ne, shi ya sa ma ban bar ta ta wuce ba. Da cewa ya yi ganyen gwanda na korar aljanu, da ban tanka ba. Amma ya jingina shawararsa da binciken da aka yi da gaske, waɗanda suka yi shi suna nan da sunayensu, kuma irin wannan sharhi ba ya tsayawa a takarda: wani zai karanta shi da murya ya tura a WhatsApp, ya isa kunnen uwar da ba ta yi boko ba, ɗauke da hatimin "masana sun ce". To bari mu buɗe binciken mu ga ko akwai gwanda a ciki.

A bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya, akwai wata 'yar tsoka mai laushi, ɓari biyu, da likitoci ke kira taimos. A jikin jariri babba ce in aka gwada ta da girmansa. Takan kai giram 30 zuwa 40 wajen balaga, daga nan kitse ya riƙa cin ta har tsufa. An daɗe ba a san amfaninta ba, sai a 1961 da Jacques Miller, yana matashin mai bincike a Landan, ya cire ta daga jikin ɓerayen da aka haifa yanzu-yanzu. Suka taso a rame, 'yar cuta kaɗan ta kayar da su, kuma ko fatar wani ɓeran aka dasa musu jikinsu ba ya ƙin ta. A nan aka gane cewa wani reshe na fararen ƙwayoyin jini a cikin taimos yake kammaluwa. Su ne ƙwayoyin T. Tushensu ɓargo, daga can suke bin jini su shiga taimos, su hayayyafa, su yi makonni ana tace su. Wanda ya taɓa raka mai cutar ƙanjamau asibiti ya ji ana maganar ƙidayar CD4, to su ma ƙwayoyin T ne, masu ba sauran umarni. 'Yan'uwansu CD8 su ne masu kisa, masu halaka duk ƙwayar jikin da cuta ta shige ta.

Ga abin da ya kamata ya tsayar da Malam tun kafin ya kai ga gwanda: cikin kowace ɗari ta ƙwayoyin da aka hayayyafa a taimos, fiye da 95 a can suke mutuwa, ba su taɓa fitowa ba. Gaɓar da ke gina garkuwar jiki, yawancin aikinta zubarwa ne. Wanda ya ɗauki garkuwar jiki a matsayin abin da ake ƙarawa a ƙoshi, ya riga ya kauce tun a matakin farko.

Dalilin wannan ɓarna ba zai yi wa mutumin Jibiya wuyar ganewa ba. Duk wanda ya san Magama, mashigar iyakarmu da Nijar, ya san wahalar aikin tantancewa a wurin. Mutumin Ɗan Isa ta Nijar da mutumin Kusa harshensu ɗaya, rigarsu ɗaya, sau da yawa kakansu ɗaya, tunda Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi daga nan suka fita. Jami'in da bai iya karanta takarda ba, zamansa a shinge hoto ne. Wanda kuma ke ganin kowa mai laifi ne, zai hana ɗan gari zuwa gonarsa. Haka jiki yake fama. Ƙwayar cuta da furotin aka gina ta, mu ma da furotin aka gina mu, daga tubala iri 20 ɗin nan dai. Kowace ƙwayar T kuma da nata idon ake ƙera ta, ba da tsari ba, kamar a kaɗa ƙuri'a, ta yadda wasu za su fito makafi, wasu su fito suna ganin hantar mai su ko fatarsa a matsayin abokin gaba. Dole a fitar da waɗannan biyun kafin a saki sauran cikin jini.

Me ƙwayar T take karantawa? A 1974, a birnin Kanbera na Ostireliya, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty suka nuna cewa ba ta ganin cuta tsirara, sai tare da wani furotin na jikin mai ita da ake kira MHC. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1996. Daga baya aka fahimci yadda abin yake. Kusan kowace ƙwayar jiki tana yayyanka tsofaffin furotin ɗinta, ta ɗauki guntayen, masu tubala 8 zuwa 10 a nau'in da CD8 ke dubawa, ta ɗora su a kan MHC ta turo su waje. In lafiya lau take, guntayen nata ne. In cuta ta shige ta, za a ga baƙon guntu a cikinsu. Ke nan sinadaran yanka, waɗanda masana ke kira enzayim, su ne ke rubuta abin da ƙwayar T za ta karanta. Har nan Malam yana kan hanya.

A cikin taimos tantancewa biyu ake yi. Ta farko a sashen waje: ana nuna wa ƙaramar ƙwaya guntayen furotin ɗin jiki a kan MHC, wadda ta iya kama su ko da sama-sama ta tsira, wadda ba ta ga komai ba a bar ta ta mutu, kuma a nan mafi yawa suke ƙarewa. Ta biyu a tsakiya: a sake nuna guntayen jiki, wadda ta damƙe su da ƙarfi a kashe ta, ko a mayar da ita mai tsawatarwa da ke hana sauran wuce gona da iri. A tsakiyar nan har furotin na gaɓoɓin da ke nesa ake ƙerawa don a nuna, kamar insulin, ta hanyar wani sinadari mai suna AIRE da masu bincike a Harvard suka bayyana aikinsa a 2002. Wanda aka haifa da AIRE mai naƙasa, jikinsa kan far wa gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙar, kuma masana sun yi shekaru suna juya shi. In guntu iri ɗaya ake nunawa a wuri na farko da na biyu, sai ka kama ka tsira a can, ka kama ka mutu a nan. Wa zai fita ke nan? Wani ɓangare na amsar shi ne ƙarfin kamun ya bambanta. Ɗaya ɓangaren, wanda shi ne labarin da Malam ya tsinta, shi ne ba guntu iri ɗaya ba ne, domin ba sinadari ɗaya ne ya yanka su ba.

A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai wani ƙullin furotin mai siffar bututu, furotiyasom, wanda ake cusa wa furotin ɗin da ya gama aiki ya fito gunduwa-gunduwa. Yadda ake yi wa irin wannan furotin alama kafin a kai shi ya jawo wa Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose kyautar Nobel a 2004. A 2007 Shigeo Murata da Keiji Tanaka da abokan aikinsu a Japan suka gano cewa furotiyasom ɗin da ke sashen wajen taimos daban yake da na ko'ina. An sauya masa ɓangare guda da wani da suka sa wa suna beta-5t, wanda ke sa shi yanka a gaɓoɓin da na sauran jiki bai cika yankawa ba. Guntayen da ke fitowa daga gare shi na musamman ne, kuma galibi riƙon da ƙwayar T ke yi musu sassauƙa ne, daidai abin da tantancewar farko ke bukata. Da suka haifar da ɓeraye marasa beta-5t, ƙwayoyin CD8 ɗinsu suka ragu zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ba yawan ne kaɗai ya taɓu ba. A 2010 ɗakin binciken Yousuke Takahama da ke Tokushima ya nuna cewa 'yan kaɗan ɗin da suka rage ma ba su da kaifi: murar infuluwenza da sauran ɓeraye ke tashi daga ita, su kashe su take yi.

A ɓangaren CD4 labarin ya riga wannan fitowa. A 1998 Terry Nakagawa da Alexander Rudensky a birnin Siyatil na Amurka suka nuna cewa sashen wajen taimos na ɓera yana amfani da wani enzayim mai suna katefsin L, alhali ƙwayoyin da ke nuna guntaye a tsakiyar taimos da sauran jiki katefsin S suke dogara da shi. Ɓeran da aka cire wa katefsin L ya rasa fiye da rabin CD4 ɗinsa. A jikin mutum, wani ɗan'uwansa, katefsin V, shi ke zaune a wannan gurbi.

Akwai na uku, TSSP, kuma shi nake so Malam ya yi wa kallon tsanaki. Akwai wani jinsin ɓeraye da ke kamuwa da ciwon sukari irin na yara, wanda ƙwayoyin T ɗinsu ne ke cinye masu yin insulin. A 2011 ɗakin binciken Sylvie Guerder a Faransa ya cire musu TSSP, sai ciwon ya ƙi zuwa. An rage enzayim, lafiya ta ƙaru. In da lissafin Malam daidai ne, cewa yawan sinadarin yanka shi ne yawan garkuwa, da akasin haka za a gani. Abin da waɗannan bincike uku suka haɗu a kai shi ne wane enzayim ne, a cikin wace ƙwaya, yana yanka wane furotin a wace gaɓa. Ba wanda ya yi maganar yawa.

Zan ba Malam wani makami da bai ɗauka ba, don kada a ce na ɓoye. Sinadarin gwanda, fafayin, da katefsin L dangin juna ne na gaske. Masana ma da sunan na gwandar suke kiran dangin gaba ɗaya, don shi aka fara sani. Sai dai dangantaka ba ta kai shi inda aikin yake. Katefsin L ba daga abinci yake zuwa ba. Ƙwayar taimos ce ke ƙera shi da kanta daga rubutun gadon da ke cikinta, ta ƙera shi a ɗaure, ta kai shi wani ƙaramin aljihu mai tsami a can cikinta, sannan ta kwance shi, kuma ga wasu furotin na tsaye a kansa don kada ya yi ɓarna. Beta-5t kuwa ko shi kaɗai ba ya aiki, sai an harhaɗa shi da sauran ɓangarorin furotiyasom a cikin ƙwayar. Fafayin ɗin da yaro ya haɗiya shi ma furotin ne. Ciki da hanji za su yi masa abin da suke yi wa wake da ƙwai. In wani ɗan abu ya tsallake ya shiga jini, jini na da furotin da aikinsu ke nan, kama duk sinadarin yankan da ya ɓata hanya su rufe shi. Kuma a ce ma ya tsallake duk wannan ya isa taimos, to guntayen da zai yanka ba su ne waɗanda ake nema ba. Alhamdu lillahi da ba ya isa.

Nunanniyar gwanda abinci ce mai kyau, tana da bitamin A da C, ba ni da ja a kan a ba yaro ita. Farin ruwan ɗanyarta wani abu ne daban. Wanda ya taɓa fere ɗanyar gwanda da hannu mai rauni ya san zafinsa. Hanjin yaron da tamowa ta kama ya riga ya yi siriri, yana zubar da abin da ya kamata ya riƙe. Shi za a ɗiga wa abin da ke tausasa naman sa?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, akwai hanya ta gaskiya da ta haɗa taimos da yaran Jibiya, ga ta a shimfiɗe, Malam ya bi ta gefenta. Taimos na cikin gaɓoɓin da suka fi saurin jin yunwa. Tun 1845 likita John Simon na Ingila ya rubuta cewa tana motsewa da zarar abinci ya yi ƙaranci. Rashin riƙe wannan ya taɓa jawo masifa. Likitocin Turai na ƙarni na 19 yawanci gawarwakin talakawa suke feɗewa don koyon aiki, yaran da yunwa da doguwar jinya suka cinye, sai suka ɗauki motsattsiyar taimos ɗinsu a matsayin daidai. Da suka ga cikakkiya a jikin jariran da suka mutu farat ɗaya suna ƙoshe, suka ce kumburi ne, shi ya shaƙe su. A 1889 Arnold Paltauf na Biyana ya ba "cutar" suna. Daga farkon ƙarni na 20 har wajen shekarun 1950 aka riƙa haska wa dubban jarirai masu lafiya hasken eksire a ƙirji don a rage ta. A 1950 aka fara lura cewa yara masu ciwon dajin tsokar maƙogwaro, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo, da yawansu an yi musu wannan haskawa. Waɗanda suka yi wannan likitoci ne masu takarda, da kyakkyawar niyya, kuma su ma da rabin gaskiya suka fara.

A 1971 likitoci a Afirka ta Kudu suka duba gawarwakin yaran da kwashiyoko, wato tamowa mai kumburi, ya kashe, suka tarar taimos ɗinsu ta zama kamar ba ta. Wurin da ya fi zubewa shi ne sashen waje, wato daidai inda beta-5t da katefsin ke aiki. An san dalili: yunwa na ɗaga sinadarin kotisol, wanda ke kashe ƙananan ƙwayoyin T da ba su gama nuna ba, tana kuma saukar da leftin, wanda kitsen jiki ke fitarwa yana kare su. Rashin zinc na ƙara dagula lamarin. Waɗanda za a nuna wa guntayen ne suka ƙare. A Gine Bisau, aikin Bandim da Peter Aaby ya kafa ya auna taimos ɗin jarirai da na'urar hoton ciki, aka ga masu ƙarama sun fi mutuwa a shekarar farko. A Keneba ta Gambiya aka ga tana raguwa a watannin damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba. Manomin Kusa ya san waɗannan watanni ba sai an faɗa masa sunansu ba.

Kuma ya san abin da ya tsawaita su. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Ɗan dako da ɗan acaɓa da mai tuyar ƙosai a bakin hanya, duk da motar da ke wucewa suke ci. Ga 'yan bindiga sun hana noman gonakin nesa, sun kwashe shanun da ake tatsa, sun cika garin Jibiya da mutanen ƙauyuka. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda ke aikin tamowa a jihar Katsina tun 2021, ta ce a watanni shida na farkon shekarar ta kula da yara kusan 70,000, ta kwantar da kusan 10,000, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Yawancin yaran da tamowa ke kashewa, ba yunwar ce ke yanke musu numfashi kai tsaye ba. Gudawa ce, ko ciwon haƙarƙari, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙyanda, cututtukan da ƙosasshen yaro kan tashi daga gare su.

A wurin awo ake ganin abin ƙuru-ƙuru. Ma'aikaciya za ta naɗa ɗan tef mai launi uku a damtsen yaro, kore da ruwan ɗorawa da ja. In ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja. Sai ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa ta ƙirga uku ta ɗaga. Na ga an yi wa wani yaro haka, gurbin yatsan ya zauna bai tashi ba. Uwar ta ce, "Malama, ai ya fara ƙiba, haƙori ne kawai ke wahal da shi." Ma'aikaciyar ta ce, "Yaya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Me kike ba shi?" Ta lissafo kunu, da jiƙo iri biyu da surukarta ta haɗa. Ba ta yi sakaci ba, abin da aka ce mata yana magani shi ta yi. Irin wannan yaro ko abincin kirki ba a tura masa gaba ɗaya. Da madarar F-75 ake fara masa, wadda da gangan aka rage mata furotin, kaɗan-kaɗan dare da rana, domin hantarsa da zuciyarsa ba za su ɗauki nauyi ba. Wannan uwa ita ce mai sauraron sharhin Malam, kuma jiƙo na uku yake miƙa mata.

Batun kayan bara kuwa, na fahimci inda yake masa ciwo, ni ma yana yi mini. Abin kunya ne ƙasar da ta yi dalar gyaɗa ta jira baƙo ya ciyar mata da 'ya'ya, kuma yankewar tallafin waje a 2025 ta nuna hatsarin jingina da shi. Gaskiya ne kuma ana karkatar da abincin a sayar a kasuwa, manya na shanye rabon yara. Amma a buɗe ledar a duba. Gyaɗa ce niƙaƙƙiya, da garin madara, da sukari, da mai, da bitamin da ma'adinai har da zinc, giram 92 mai kalori 500. André Briend da Michel Lescanne ne suka haɗa shi a Faransa a 1996, amma inda ya nuna kansa ga duniya nan ne bayan iyaka: a yunwar 2005, MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasari a jihar Maraɗi, mafi yawansu a gida a hannun iyayensu mata ba tare da an kwantar da su ba. Yau ana yin sa a Yamai, ana yin sa a Kano. In faɗan dogaro da kai ne, to a matsa wa gwamnati ta saya da kuɗinta daga gyaɗar manomanmu. Cewa uwa ta bar layin ta koma gindin gwanda gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Akwai kuma wani abu da binciken taimos ya koyar wanda ya shafi uwar Kusa kai tsaye, shi ya kamata a ɗauka da murya a tura. A shekarun 1990, Philippe Chevalier da abokan aikinsa a Kocabamba ta Bolibiya suka riƙa auna taimos ɗin yaran da ake jinya mako-mako. Nauyin jiki kan dawo cikin kamar wata ɗaya, taimos kuwa sai ta kai wata biyu. Da suka ƙara wa yaran zinc, tazarar ta ragu sosai. Ma'ana, ranar da yaro ya yi kumatu, tef ya fita daga ja, dangi suka ce ya warke, a ranar ƙirjinsa bai gama farfaɗowa ba. A wannan tsakanin ne uwa kan daina zuwa awo saboda kuɗin mota ko tsoron hanya, ko ta raba sauran ledojin da yayyensa, yaron kuma ya koma cikin yara masu tari da gudawa. Wake, ƙuli-ƙuli, awara, zogale, ƙwai in an samu, nonon uwa har shekara biyu, duk nan ne wurinsu, bayan jinya da kafin a kai ga jinya. Da a kansu Malam ya tsaya, da tafi zan yi masa.

Ƙyanda ce ta fi kowa amfana da wannan tazara. A 2019 Michael Mina da abokan aikinsa suka auna jinin yara kafin ƙyanda da bayanta, suka ga tana goge daga kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in garkuwar da jiki ya riga ya tara a kan wasu cututtuka. Allurar riga-kafinta ba ta yin wannan ɓarna. A Najeriya ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15, kuma kyauta ce. Sai dai allurar a cikin sanyi kawai take rayuwa, wani ne zai ɗauko ta daga Jibiya a akwatin ƙanƙara a bayan babur, ya bi hanyar da kowa ya san halinta, ya isa ƙauyen kafin ƙanƙarar ta narke. A kan wannan mutum, da alawus ɗinsa da ake riƙewa, da man babur ɗinsa, da wanda zai tsare masa hanya, nake jiran sharhin Malam na gaba.